Busassun Rijiyoyin Bahago

…sa hannu ne fa kaɗai ya rage. Sa hannu, abin da ɗan dako ma yake yi da dangwala yatsa. Amma ga Zailani ɗan Malam Ya'u, mutumin da ya ƙetare teku ya dawo da tabarau biyu — ɗaya na karatu, ɗaya na neman na karatun — zaune a zauren ubansa a Ƙofar Galadima tun hantsi, tawada na bushewa a bakin alƙalami, sunansa ya ƙi fitowa.

Shafi goma sha tara. Daga Landan aka bugo su, takarda mai santsi kamar goshin jariri. Ya duba kuskure, ya sa hannu, ya mayar, iyakar abin da aka ce ke nan. Ƙarfe biyu ake ɗaure jakar wasiƙu a gidan waya na Sabon Gari. In maƙalar ta fito a mujallar masana, jami'ar can Kudu ta ce ga kujera: malamin falsafar kimiyya, na farko daga Arewa. In ba ta fito ba… allo da alli a kwaleji, bakwai sau bakwai, har gemu ya yi fari. Shekara tara yana jan wannan igiya. Tara! Guga ya iso baki ke nan, sai Iya ta buɗe nata bakin.

A'a. Bar Iya tukuna.

Falsafar kimiyya… je ka faɗa wa mutumin birni. Ran da ya dawo, dattawan unguwa suka cika zauren nan, suka ce to, likita aka zama ko lauya? Ya ce a'a, shi ilminsa na binciken yadda ake sanin an sani ne. Liman ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Sauƙi fa, kamar an zo dubiya. Tun daga ranar ya zama Malam Yaya-Aka-Sani. Wai har akuyar maƙwabta in ta hango kekensa sai ta daina tuƙa, kada ya nemi hujja.

Barira ma ai ta yi haƙuri. Shekara biyu tana aurensa. Ta ce hadari zai haɗo, ya ce yaya kika sani. Ta ce miyar ta nuna, ya ce da me kika gwada. Ba faɗa yake nema ba, wallahi so yake ya ji — shi ƙaunarsa ke nan, ya ɗauki maganarka da hannu biyu, ya juya ta, ya duba gindinta. Wa ya gane? Ran da ta fito da kayanta a ka, a nan, bakin ƙofar nan, ya ce Barira kin tabbata? Ta ce wannan ɗaya dai na sani, kuma kada ka tambaye ni. Bai tambaya ba. Sau ɗayan da ya kamata ya nace, nan ya yi shiru.

Zamanin Malam Ya'u, takalma arba'in a ƙofar zauren nan kowace safiya, na masu ɗaukar karatu, sai an tsallaka ake shiga. Yanzu? Nasa. Sai keke, jingine kamar baƙon da ba a nuna wa tabarma ba. Akwai dai wasu takalma da suka riƙa zuwa bayan la'asar, na tayar mota, jajaye da ƙasa, na hagu ya fi cinyewa. Na Bahago mai haƙar rijiya. Wata huɗu ke nan ba su zo ba.

Bahago… Rabin ruwan da ake sha a birnin Zariya daga hannunsa na hagu ya fito. An ce yana kwantawa ya kara kunne a ƙasa ya ji ruwa na gulma. An ce ya taɓa haƙa wata a Tudun Wada, in ka saki guga ran Asabar sai Litinin za ka ji tsundum. Ƙarya ce, Lahadi da yamma ne. Abin da dai Zailani ya gani da idonsa: mutum ya dubi suri, ya dubi inda ɓaure ya karkata, ya ɗebi ƙasa ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce nan. Duk birnin nan shi kaɗai ne in an ce masa yaya aka sani ba ya jin an zage shi. Dariya yake yi. Ɗan Malam, zo ka gani.

Zo ka gani… Zailani na ɗan shekara takwas, yara na cewa daga ƙasan rijiya ana ganin taurari da rana tsaka. Ya tambayi Malam, Malam ya ce je ka wanke allonka. Ya tambayi Bahago, Bahago ya saka shi a kwando ya zura shi gaba bakwai ƙasa. Sanyi, warin laka, can sama wani ɗan farin faifai. Ba tauraro ko ɗaya. Aka jawo shi yana rawar ɗari. Ka gani? Ban gani ba. To yanzu ka sani. Duk abin da Farfesa ya koya masa shekara uku a Landan, in ka tankaɗe ka zubar da dusar, wannan ne. Kuma Bahago bai sa shi sayen kwat ba.

Farfesa mai lofe. Dogon Bature, siriri, mai shakkar komai, wanda aka ce yana ƙwanƙwasa ƙofar gidansa kafin ya shiga, don bai tabbata shi ne mai gidan ba. Shi ya ɗora shi a hanya: maganar da babu abin da zai iya ƙaryata ta, ba ilmi ba ce, ado ce. Kawo mana misali daga ƙasarku, Mista Zailani, mun gaji da namu. Ɗakin haya, hazo a taga, dankali ba gishiri, ba wanda ya kira sunansa daidai tun saukarsa daga jirgi — sai ga wani yana neman abu daga ƙasarsu. Wa zai ƙi? Misali kuwa ga shi a littafin da ya cika tun yana sabon malamin kwaleji, lokacin da yake bin Bahago gida gida da keke, don sha'awa kawai. Don sha'awa, Allah shaida.

Rijiya arba'in da uku, wasu a gabansa aka haƙa, wasu ya bi sawu. Talatin da biyu ruwa. Goma sha ɗaya ƙura. In an sami ruwa, Bahago gwani ne. In ba a samu ba, Bahago ya fito daga rami, ya kakkaɓe jiki, ya ce mutanen ɓoye sun riga mu, sun janye shi. Ka gani? Ko ta ina aka ɓullo, Bahago bai faɗi ba, aljani ne ke ɗaukar laifin. Don daɗi lofen Farfesa ya mutu, bai lura ba sai bayan kwana uku. Abu ɗaya ya gyara: cire sunayen masu gidajen, kimiyya ba ta san Alhaji wane ba, sa lamba. Aka sa lamba. Bahago ma ya zama harafi ɗaya da ɗigo.

Shi kuma, don adalci — adalci! — ya zaunar da mutumin a tabarmar nan, ya fassara masa maƙalar kalma kalma. Bahago na tauna goro yana gyaɗa kai. Bai yi dariya ba. Wannan ya kamata a lura. Da aka gama ya ce lamba bakwai wacce ce? Ta gidan nan. Ya dubi ƙofar cikin gida, ya daɗe yana duba. Ya ce Allah ya ji ƙan Malam. Ya sa takalma.

Fushi ne, gaskiya ce ta yi masa ɗaci, zai huce. Wata huɗu Zailani na faɗa wa kansa haka, yana sayen goro biyu kowace la'asar, yana cin ɗaya.

To, Iya. Ƙanwar Malam, haƙori uku a baki, ukun duk na cizo. Ta kawo koko da safen nan, ta ga takardu, ta ce wannan kuma wace tsiya ce. Ya gaya mata — wa zai gaya wa, keke? Ya zo kan lamba bakwai, ramin nan na bayan ɗakinta da aka haƙa yana makarantar kwana, aka cike da shara. Sai ta ajiye ƙwarya ta kama dariya har da dafa bango.

Bahago ne ya zaɓi wurin? Kai, wannan boko naka! Sau uku ya ce wa ubanka nan dutse ne a ƙasa, ruwa yana can gindin ɓaure. Sau uku, a durƙushe. Ubanka ya ce ya yi istihara, ya buga sanda, ya ce nan. Istiharar kuwa ita ce, gindin ɓaure ana hangowa daga zaure — ƙarti arba'in su riƙa kallon matansa suna jan guga? Kwana ashirin bawan Allah nan yana saran dutse yana sane. Ran da ya fito, ga ɗalibai tsaitsaye, ga maƙwabta, me kake so ya ce? Malam ya yi kuskure? Malam Ya'u, a gaban masu ɗaukar karatunsa? Ya ce mutanen ɓoye ne. Kowa ya yi salati, kowa ya san abin da ake ciki, aka watse da mutunci. Kai kaɗai ne ka je ka rubuta.

Kowa ya sani… Kowa? Liman? Barira ma? Akuyar ma, ƙila.

Adaka. Ƙura, kyankyasai biyu da suka ƙoshi da falsafa, tsohon littafin mai baƙin bango. Ga sunayen da aka cire, suna nan da rubutunsa na samartaka, mai ƙugiyoyi. Lamba ɗaya, Alhaji Jibril mai fatu. Biyu, mai unguwa. Uku, attajirin goron nan da ba a zama in yana tsaye. Huɗu, wani magatakarda… Yatsa na sauka. Busassun nan goma sha ɗaya duk na masu rawani ne, duk masu sanda. To talatin da biyun fa? Masaƙa. Majema. Wata bazawara mai ƙosai. Maƙeri. Mutanen da in Bahago ya shigo suke cewa, inda ka gani, Baba, mu me muka sani. Ashe aljanun birnin Zariya ba sa shiga gidan talaka. Duk shekarun nan sunayen na kwance a adaka, shi yana can yana koya wa Turawa yadda ake kama mai wayo.

Ba sunaye ya cire ba. Dalilin ya cire. Da hannunsa.

To wa zai sani? Farfesa? Bai san ɓaure ba, bai san durumi ba. Jami'a? Ba mai zuwa Ƙofar Galadima ya tambayi tsohuwa mai haƙori uku. Tsarin maganar ai daidai yake, misalin ne kawai ya… kawai! Gini ya yi kyau, tushen ne kawai babu. Sa hannu, Zailani. Ɗaki mai fanka. Ɗalibai masu ɗaga yatsa su ce yaya aka sani, ba wanda zai yi musu addu'ar sauƙi. Mutane. A yi ta musu har shayi ya huce. Shi fa ba kujerar ce ta dame shi ba, Allah ya sani. Wanda zai dube shi ya ce a'a, ka yi kuskure, ga dalili — shi yake nema. Ɗaya yake da shi duk duniya, ya mayar da shi harafi da ɗigo.

Tsaya. Tsaya mana. Shaida ɗaya, rijiya ɗaya, daga bakin tsohuwar da ba ta taɓa yafe wa yayanta komai ba. Sauran goman zato ne. Zato mai kyau, mai rawani, amma zato. Me yake koyarwa? A gwada. A je a tambayi mai abin. Jiya a bakin masallaci ya ji ana cewa su Bahago suna aiki a Gyallesu, kuma Gyallesu ai kan hanya ce… kusan kan hanya. Takardu a ambulan, ambulan a aljihun ƙirji, alƙalami a bayansa. Sa hannun a yi shi a kan teburin gidan waya. Ko kada a yi.

Keke. Ranar bazara na dukan ƙeya kamar da gayya. Lungu, marina, warin baba, masu ɗinkin hula a inuwa suna ɗaga kai — sannu Malam, sannu Malam, a bayansa kuma ƙus-ƙus. Ƙofar gari. Ganuwa ta zube a gefe, awaki sun yi hanyarsu. A Landan jirgin ƙarƙashin ƙasa yake hawa, mutum ɗari a taragu ba mai duban wani, yana cewa a ransa in dai na koma gida… Ga gidan. Kowa na dubansa, kuma duk ɗaya ne.

Sabon gini, rufin kwano na ƙyalli, na wani Alhaji Abdullahi ɗan majalisa. Bana da Arewa ta sami mulkin kai kowa gini yake. Ba a tare ba tukuna, sai ya kutsa da kekensa. Tulin ƙasa can bayan ɗakunan mata. Lado, ƙanen Bahago, a bakin rami, gemu fari fat da ƙura, yana jan igiya. Ya hango shi, ya ɗaure igiyar, ya zube ƙasa. Lado! Lado da ya taɓa zane shi da tsumagiya kan satar mangwaro. A durƙushe.

Zailani na leƙawa. Duhu, sai kif… kif… Tabarau a aljihu, kada ya faɗa. Gwiwa a ƙasa, farar riga ko ba farar riga ba.

"Baba Bahago! Ni ne, Zailani."

Saran ya tsaya.

"Rijiyar gidanmu. Kai ka zaɓi wurin, ko Malam?"

Sannan murya, ƙarama, kamar daga cikin tulu.

"A'a, ranka ya daɗe ne da kansa a wannan rana? Lado, ba ka ba shi inuwa ba?"

"Baba, don Allah. Iya ta gaya mini. In na yi kuskure ka ce na yi, yanzun nan in yaga takardar."

"Kuskure kuma? Wane ni! Mutanen ɓoye ne, ranka ya daɗe. Yadda ka rubuta ɗin nan, haka yake."

Ranka ya daɗe. Shekara talatin da shida yana Ɗan Malam…

Kwando ya iso, Lado ya juye. Zailani na ɗiban ƙasar a tafi. Fara, busasshiya, tana zuba ta tsakanin yatsu kamar gari. Gaba nawa? Tara, in ji Lado. Gaba tara ba ko danshi. Can kuwa wajen ƙofar gida, inda duk mai shigowa zai gani, ga suri, ga ɗan ɓaure ya karkata, kore shar a tsakiyar bazara — ko shi, ba tabarau, ya gani. Wa ya nuna nan ɗin? Lado na duban rufin kwano, yana duban yatsun ƙafarsa. Allah ne masani, ranka ya daɗe.

Ta goma sha biyu ke nan. A gabansa ake haƙa ta. Mutumin da ke ƙasa ya san babu, ya sani tun ran da aka buga sanda, zai yi ta sara har mai gida ya gaji, ya fito ya kakkaɓe jiki ya ba aljanu kayansu. Ga hujja a tafin hannu… hujjar me? Ƙasa ba ta faɗin wanda ya nuna. Wanda zai faɗa kuma ya riga ya faɗi nasa: yadda ka rubuta, haka yake. Daga bakin mai abin, a gaban shaida. Ko Farfesa ba zai nemi fiye da haka ba. Yanzu ma da izini zai aika. An rufa masa asiri tsaf, yadda aka rufa wa Malam, ladabin ɗaya, aljanun ɗaya.

Yaushe ya sami sanda? Ko rawani bai taɓa naɗawa ba. Takarda ya buga a ƙasa ya ce nan, mutumin ya ce to…

Wa zai tambaya kuma? Iya ta faɗi nata. Lado na kallon ƙafa. Duk wanda ya nufa da tambayar nan yanzu zubewa zai yi, ya ce haka ne, haka ne. A Kudun ma — ya hau kujera, ɗalibai su rubuta abin da ya faɗa, su haddace lamba bakwai, su ci jarrabawa da ita…

Ƙarfe nawa? Ɗaya da kwata, in ji agogo. Keke zai kai, in ya tashi yanzu. In ya tashi. Yana zaune a kan tulin ƙasa, ambulan ɗin ya jiƙe da gumi ya manne masa a ƙirji, Lado ya cire malafarsa yana riƙe masa bisa kai da hannu biyu, yana tare masa rana, shi kuma ya kasa cewa bari. Can ƙasa, saran ya ci gaba.